Babi na Shida: Zaɓen Kuloci ga Motar da Aka Yi wa Ƙari

Kuloci shi ne mahaɗa tsakanin inji da akwatin giya a motar da ake sa wa giya da hannu. Duk ƙarfin da inji ya samar sai ya ratsa ta cikinsa kafin ya isa ga tayoyi, kuma babu haƙori ko ƙusa da ke riƙe da wannan ƙarfi, gogayya ce kawai tsakanin fuskokin da aka matse wuri guda. Kamfanin da ya ƙera mota yakan auna kulocinta daidai da injin da ya ɗora mata, da nauyin da ya ƙayyade za ta ɗauka, da girman tayoyinta, sannan ya bar 'yar rara. Da zarar an taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, lissafin kamfani ya tashi, sai mai mota da makanikensa su sake nasu.

Manyan sassan kuloci huɗu ne. Akwai fulawil, faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a bayan karanshaf yana juyawa tare da inji. Akwai faifan kuloci, wanda makanikai ke kira dis, mai fata mai kaushi a fuskokinsa biyu, tsakiyarsa kuma tana zaune a kan sandar da ta shiga akwatin giya. Akwai farantin matsi, wato filet, mai ɗauke da sifirin mai yatsu a tsakiya, shi ne ke danne faifai a jikin fulawil. Sai boris ɗin da ke tura yatsun nan idan direba ya taka feda: matsi ya sassauta, faifai ya saku, inji ya ci gaba da juyi ba tare da ya ja mota ba.

A birnin Katsina, yawancin motocin da aka yi wa ƙari na neman abinci ne. Golf 3, da Sharan, da Peugeot 406, da ragowar 504 da J5 na zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ke cika tashoshin Arewa, su ne ke jigila zuwa Jibiya da Daura da Mashi da Batsari da Dutsin-ma da Kano. Akan ɗaga bayansu da sifirin mai tauri, a canza shokozoba, wani lokaci a sa taya mafi girma, duk domin su ɗauki abin da ya wuce ƙa'idarsu. Bayan su akwai motocin da aka sauya wa inji, aka cire ƙarami aka ɗora babba na Beljiyam. Sannan akwai na samari masu sha'awar gudu da wasan mota, irin su tsofaffin BMW da Golf GTI. Kowane rukuni da irin wahalar da yake ba kuloci, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayo wa motar lodi kulocin da aka ƙera domin motar tsere.

Ƙarfin murɗa da yadda ake lissafa shi

Direbobi sun fi jin labarin ƙarfin doki, amma kuloci bai san doki ba. Abin da yake fama da shi shi ne ƙarfin murɗa, wato ƙarfin da karanshaf ke juya faifai da shi, wanda ake aunawa da newton-mita, a taƙaice Nm. Golf 3, wadda Volkswagen ya ƙera daga 1991 zuwa 1997, ta isa misali, domin ta fito da injuna iri-iri. Injin fetur mai lita 1.8 yana ba da doki 90 da murɗa 145 Nm. Mai lita 2.0 na GTI yana ba da doki 115 da 166 Nm. VR6 mai lita 2.8 yana ba da doki 174 da 235 Nm. Injin dizal na TDI mai lita 1.9 kuwa dokinsa 90 ne, daidai da na 1.8, amma murɗarsa 202 Nm ce, kuma tana zuwa tun inji na juyi a hankali. Injuna biyu masu doki ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya murɗa da kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa kamfanin bai sa musu kuloci ɗaya ba. Waɗannan injunan fetur na 1.8 da 2.0 suna tafiya da akwatin giya mai lamba 020, wanda kulocinsa ke aiki da kebul, da faifan da bai wuce milimita 210 ba. TDI da VR6 suna tafiya da 02A, wanda kulocinsa ke aiki da mai, da faifai na milimita 228.

Abubuwa huɗu ne ke yanke iyakar murɗar da kuloci zai riƙe kafin ya fara zamewa: kaushin fatar faifai, ƙarfin matsin faranti, tazarar da ke tsakanin tsakiyar faifai da tsakiyar fatar, da yawan fuskokin da ke gogayya. Ana ninka su ne da juna. A ɗauki faifai guda mai fuska 2, tazararsa mita 0.095, matsin faranti newton 5,000, ma'aunin kaushin fata 0.3. Idan aka ninka, za a samu 285 Nm. A bar komai yadda yake, a sa fata mai kaushi 0.4, adadin ya koma 380 Nm. A mayar da fatar farko, a sa faifai biyu mai fuska 4, ya zama 570 Nm. Duk wani kulocin ƙarfi da ke kasuwa, ko mene ne sunansa da launin fentinsa, ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan huɗun aka taɓa, kuma kowanne da abin da ake biya a madadinsa.

Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce a nemi kulocin da ya zarce murɗar inji da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Injin da ke ba da 235 Nm, kulocin 300 Nm ya ishe shi. Sa masa na 500 Nm asarar kuɗi ce, kuma cutarwa ce ga sauran sassan mota. Kuloci yana da wani aiki irin na fiyus a wutar gida: idan nauyi ya zo bagatatan, shi ne ke ɗan zamewa ya shanye bugun. In aka hana shi zamewa gaba ɗaya, bugun bai ɓace ba, wucewa yake ya sauka kan haƙoran giya, ko shaf, ko robobin da ke riƙe da inji, kuma kowanne daga cikinsu ya fi faifai tsada ko wahalar gyara.

Ba kowane ƙari ne ke buƙatar sabon lissafi ba. Canza salansa zuwa mai ƙara, ko sa matatar iska ta daban, ba ya ƙara murɗar da za ta dami kulocin asali. Haka mayar da mota mai amfani da iskar gas, wanda ya yawaita bayan cire tallafin fetur a 2023: injin yakan ɗan rage ƙarfi ne ma, sai dai tukunyar gas ta ƙara nauyi a baya. Abin da ke ƙara murɗa da gaske shi ne ɗora babban inji, ko sa turbo, ko sake tsara kwamfutar injin dizal mai turbo domin ya sha mai da iska fiye da da.

Zafi

Motar lodi ba ta fiye kashe kulocinta da yawan murɗa ba, da zafi take kashe shi. Duk lokacin da mota za ta tashi daga tsaye, inji na juyawa, tayoyi na tsaye, faifai ne ke goga a tsakani har su daidaita, kuma wannan gugar zafi take zama. Yawan zafin yana bin nauyin mota. Golf 3 ba kaya nauyinta tan ɗaya ne da 'yan kai, abin da aka ƙayyade mata na mutane da kaya kuma bai fi kimanin rabin tan ba. Idan aka ɗora mata buhun gero goma masu kilo 100, nauyinta ya kusan ninkawa, zafin kowane tashi ma ya kusan ninkawa. Idan kuma an sa taya da ta fi ta asali girma da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan haka, dole direba ya ƙara totur, ya daɗe a rabin kuloci kafin mota ta ɗauka.

Hanyoyin Katsina suna ƙara wa lamarin nauyi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa mai wahala, amma akwai yashi. Motar da ta kafe a rairayin hanyar ƙauye, direba na gaba da baya a rabin kuloci, tana iya cinye fatar wata shida a cikin minti goma. Akwai tsayawa da tashi a shingayen hanyar Jibiya, da cunkoson Babbar Kasuwa da Ƙofar Ƙaura da yamma, inda ake tafiya taku-taku tsakanin Keke Napep da babura. A watannin Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ƙarfen ba ya samun damar hucewa tsakanin tashi da tashi.

Faifan da zafi ya kashe ba ya ɓuya idan an sauke giya. Fatarsa ta yi baƙi tana sheƙi, gefenta na marmashewa a hannu, kawunan ƙusoshin da suka riƙe ta sun goge sun yi haske. A fuskar fulawil akwai tabo shuɗi-shuɗi da ƙananan tsage-tsage, ƙauri kuma na tashi daga cikin kwandon giya. Wanda ya ga haka ya san matsalar motar ba ƙarancin kaushi ba ce, kulocin da zai jure doguwar guga take bukata.

Ire-iren fata

Fatar da ke zuwa da kusan kowace mota daga kamfani haɗi ce ta zaren gilashi da wasu zaruruwa da siraran wayoyin jan ƙarfe, an daskarar da su da ƙaro na masana'anta. A da da asbestos ake yin ta, kafin ƙasashe da yawa su hana shi saboda ƙurarsa na lalata huhu. Har yanzu bai kamata a hure ƙurar kuloci da baki ko da iskar famfo ba, gara a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan fata tana kamawa a hankali, ba ta cin fulawil, kuma idan ta ɗan ƙone takan farfaɗo bayan ta huce. Rauninta shi ne tana fara lalacewa idan zafi ya kai wajen digiri 250 zuwa 300. Akwai samfurinta mai ƙarfi, wanda aka ƙara wa waya da mara ta ƙarfe a baya, ana haɗa shi da faranti mai ɗan ƙarin matsi. Ga motar haya, da motar lodi, da motar gida da aka sauya wa inji, wannan ne zaɓin da ya fi dacewa, kuma da wuya a samu dalilin wuce shi.

Fatar Kevlar, zaren da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965, tana daɗewa ƙwarai idan an kula da ita. Sai dai tana son fulawil mai santsi sumul, tana ɗaukar lokaci kafin ta zauna, kuma in ta ƙone sau ɗaya ta yi sheƙi, shi ke nan ba ta dawowa. Bai kamata a sa ta a motar da ke shiga yashi ba.

Fatar siramik garin jan ƙarfe ne da wasu ma'adanai da aka matse aka gasa. Yawanci ba ta zuwa a zagaye cikakke, takan zo gunduwa-gunduwa, 3 ko 4 ko 6, a kan faifai mai kama da fanka. Tana jure zafin da ya haura digiri 500, kaushinta kuma ya fi na fatar asali nesa. Wannan ce ke jan hankalin direban da ya gaji da canjin faifai, har ya je shago ya ce, "Alhaji, a ba ni wanda ba ya ƙonewa." Gaskiya ne ba ya ƙonewa da wuri. Amma rabin kulocinsa ɗan kaɗan ne: ko ya kama ko ya saki. Mota kan tashi da fizga da karkarwa, takan mutu a cunkoso, kuma idan aka tilasta masa doguwar guga, maimakon ya ci kansa sai ya ci fulawil da faranti, ya bar musu kwari. Wurinsa shi ne motar tsere ko ta wasa, wadda direbanta ke sakin feda lokaci guda domin tayoyin baya su zame. Mai irin wannan mota ya san abin da ya saya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma fatar garin baƙin ƙarfe da ta kabon, na filin tsere zalla, waɗanda ba su da hurumi a titin gari.

Tsakiyar faifai ma abin dubawa ce. Na asali yana da ƙananan sifirin a jere kewaye da ramin sanda, su ke shanye girgizar inji kafin ta kai haƙoran giya, sannan tsakanin fatun biyu akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke sa kamawa ta zo da taushi. Faifan tsere kan zo babu ɗaya ko babu duka biyun. Duk motar da za ta hau titi kullum, a nema mata mai sifirin.

Faranti da fulawil

Ƙara matsin faranti hanya ce mai sauƙi ta ƙara riƙo ba tare da an rasa taushin kamawa ba, amma tana da iyaka. Feda kan yi nauyi, kuma direban da zai yi Katsina zuwa Kano ya dawo a rana guda gwiwarsa za ta gaya masa. A motar kebul, kebul ɗin kan miƙe ko ya tsinke. A motar mai, robobin masta kan gaji da wuri. Abin da ba a gani kuma shi ne, duk takun feda yana tura karanshaf gaba, kuma faranti mai tsananin matsi yana cinye metal ɗin da ke hana shi wasa gaba da baya. Gyaran wannan sai an buɗe inji. Faifai biyu a kuloci ɗaya yana kauce wa wannan matsala, domin yana ninka riƙo ba tare da ƙarin matsi ba, sai dai yana da tsada, kuma sai injin da murɗarsa ta ninka ta asali ne ke bukatarsa.

Masu son gudu sukan rage nauyin fulawil domin inji ya riƙa tashi da sauri. Ga motar lodi wannan koma-baya ne, domin nauyin fulawil ne ke taimaka wa inji ya fizgi mota daga tsaye ba tare da ya mutu ba, kuma kaurin ƙarfensa ne ke shanye zafi. Sassaƙe fulawil na asali a wurin masu injin gurza ƙarfe domin a rage shi haɗari ne na gaske: ƙarfen zubi ne, idan ya yi siriri yana iya tarwatsewa a babban juyi, kuma yana kusa da ƙafafun direba.

Motocin dizal da yawa da sababbin na fetur suna zuwa da fulawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa a 1985. Yana da tsada, shi ya sa in ya lalace akan maye gurbinsa da dunƙulalle. Hakan na yiwuwa, da sharaɗin a sa faifai mai sifirin, domin faifan da ke tafiya da mai ɓari biyu sau da yawa ba shi da su. In aka manta da wannan, giya za ta riƙa kaɗawa, ta kuma tsufa da wuri.

A kasuwa da gareji

Kayan da ke shagunan Katsina galibi daga Ƙofar Ruwa ta Kano suke zuwa, ko Ladipo ta Legas, ko Nnewi, wasu sababbi wasu na Beljiyam. Sunayen da kamfanonin mota da kansu ke sayen kuloci a wurinsu sanannu ne: LuK da Sachs na Jamus, Valeo na Faransa, Exedy da Aisin na Japan. Sanannen suna shi ake yi wa jabu, don haka kwali ba shaida ba ne. A duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe, da tsabtar ƙusoshi, da ko sifirin na tsakiya suna girgiza idan an kaɗa faifai. Kulocin tsere kan zo da lakabin mataki na 1, na 2, na 3, amma babu wata hukuma da ta tsara ma'anar matakan, na 2 a wani kamfani yana iya zama na 3 a wani. Adadin Nm da irin fata su ne abin tambaya.

A motar da aka sauya wa inji, sassa biyu ne ke yanke hukunci. Faranti yana bin fulawil, faifai kuma dole ya dace da faɗin faranti da kuma yawan haƙoran sandar giya. Mai shago na kirki yakan fara da tambaya: wane inji ne a ciki, wace giya ce, lodi ake yi ko zirga-zirgar gida? Zuwa da tsohon faifai a hannu ya fi dogon bayani. A Golf 3 mai giya 020 akwai wani tsari na daban da ke rikita wanda bai saba ba: faranti ne ke ɗaure a jikin karanshaf, fulawil ya rufe shi daga waje, wata siririyar sanda da ta ratsa cikin giya ce ke sakin matsi. Idan aka ɗora inji mai murɗa sosai a kan wannan giya, sau da yawa giyar ce ke gazawa kafin kuloci, kuma komawa 02A ya fi sayen faifan siramik amfani. Ƙarin ƙarfi da ƙarin lodi kuma ba sa zuwa da ƙarin birki, shi ma sai an duba shi a wannan zama.

Ana canza faifai da faranti da boris tare, domin kuɗin sauke giya ɗaya ne. A goge fuskar fulawil a inji idan tana da tabo ko kwari. A duba sil na bayan karanshaf da na sandar giya, domin ɗigon baƙin mai kaɗan ya isa ya sa sabon faifai zamewa, har a zargi mai shago a banza. A saita faifai a tsakiya da sandar saiti kafin a ɗaure faranti, a ɗaure ƙusoshinsa kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan na daura da shi, kada a bar nauyin giya ya rataya a jikin faifai lokacin mayarwa. Maiko kaɗan ake shafa wa haƙoran sanda, in ya yi yawa zai fantsama kan fata.

Sabon kuloci yana bukatar kimanin kilomita 800 na tuƙin cikin gari, mai yawan tsayawa da canjin giya, ba lodi mai nauyi, ba fizga, kafin fatarsa ta zauna daidai a fuskar ƙarfe. Doguwar tafiya a giya ta biyar ba ta shiga wannan lissafi, tun da faifai ba ya goga a lokacin. Bayan nan ana gwada shi a miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso: a sa giya ta huɗu mota na tafiya a hankali, a take totur har ƙasa. Idan ƙarar inji da gudun mota suka tashi tare, kuloci ya riƙe. Idan inji ya yi sama mota ba ta bi shi ba, yana zamewa, sai a fara duba saitin kebul ko masta da alamar ɗigon mai kafin a yanke cewa faifan ya yi wa injin kaɗan.